Sinadaran da ke tsinka DNA irin yadda radiyeshin ke yi

Jama'a maganar yau ta ɗan yi nauyi amma ku daure ku biyo ni, don wallahi ta daɗe tana ci na a rai. Duk wanda ka ambata wa radiyeshin sai ka ga gabansa ya faɗi, hankalinsa ya tafi Hiroshima da tashar nukiliyar Chernobyl, kuma tsoron yana da dalili, ban ce babu ba. Amma akwai sinadarai, wasu ruwa ne a kwalba wasu gari wasu kuma tururi, waɗanda in suka shiga jiki ɓarnar da suke wa DNA, wato igiyar da ke ɗauke da bayanan gado a jiki, kusan ɗaya ce da ta radiyeshin, jini ya faɗi, ɓargo ya daina aiki, gashi ya zube, bayan shekaru kuma kansa ta iya biyo baya. Masana na ce musu radiyomimetik, wato masu kwaikwayon radiyeshin. Ka ajiye na'urar auna radiyeshin kusa da su ko motsi ba za ta yi ba, shi ya sa mutane ba sa jin tsoronsu yadda ya kamata, kuma shi ya sa ba a san cewa wasunsu ne suka ceci rayukan ɗimbin masu ciwon daji ba.

Sai mun fara sanin me shi radiyeshin ɗin yake yi tukuna. DNA da ke cikin sel ɗaya, wato ƙwayar halitta ɗaya ta jikin mutum, in ka miƙe shi zai kai kusan mita 2, kuma igiya ce mai tufka biyu, kowane sili yana ɗauke da bayanin da za a iya sake gina ɗan uwansa da shi. To in sili ɗaya ya tsinke abin da sauƙi, ɗayan na riƙe da igiyar, masu gyara su zo su duba shi su cike gurbin. Wannan kullum yana faruwa, ko kana kwance a ɗaki ba ka taɓa komai ba kowane sel na samun rauni dubu goma-goma a rana daga zafin jiki da ruwa da oksijin ɗin da muke shaƙa, kuma ana gyarawa. Aikin gano yadda ake wannan gyaran ne ma ya sa aka ba Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar kyautar Nobel a 2015. Masifar ita ce silin biyu su tsinke a wuri ɗaya. Nan babu abin dubawa a kusa, bakin igiyar biyu sun rabu, sel ɗin ko dai ya yi sauri ya liƙa su yadda ya samu, wani lokacin a rasa wasu haruffan bayanin da ke jikin igiyar wani lokacin ma a liƙa bakin wannan kuromosom, wato dunƙulen DNA guda, da na wani daban, ko kuma ya haƙura ya kashe kansa.

Radiyeshin mai ƙarfi irin eksire da hasken gamma abin da yake yi kenan. Yana fizge elektiron daga duk abin da ya ci karo da shi, kuma tunda yawancin sel ruwa ne, ruwan yake fi fasawa, sai a samu wasu gutsattsari masu matuƙar zafin nama da ake kira haidiroksil, su kuma su afka wa DNA ɗin da ke kusa. Kusan kashi biyu cikin uku na ɓarnar eksire ta wannan hanyar take zuwa. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa gire, kuma gire 1 kacal yana jawo wa sel ɗaya tsinkewar sili guda wajen 1000, da tsinkewar sili biyu kamar 20 zuwa 40. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne ke kisa. Mutum ya samu gire 4 zuwa 5 a duk jikinsa lokaci ɗaya ba tare da magani ba, rabin irinsa ba sa tashi.

Yanzu ga inda sinadarai suka shigo, kuma labarin ba daɗi. A watan Yulin 1917 lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Jamus suka fara harba iskar mastad kusa da garin Ypres a Beljiyam. Ana ce mata iska amma a gaskiya ruwa ne mai maiƙo da ke tashi a hankali, ya manne a tufafi da ƙasa, kuma mugun halinta shine ba ka jin komai lokacin da ta taɓa ka, sai bayan awanni idanu su rufe fata ta yi bororo maƙogwaro ya ƙone. Shi ma wannan jinkirin ya yi kama da ƙunar eksire. A 1919 wasu masu bincike mata da miji 'yan Amurka, Edward da Helen Krumbhaar, suka wallafa abin da suka gani a gawarwakin sojojin da iskar ta kashe, ɓargonsu ya lalace fararen ƙwayoyin jininsu sun kusa ƙarewa. Lokacin ba wanda ya san DNA ne ke ɗauke da gado, don haka aka rubuta aka ajiye.

Wadda ta fi burge ni a duk wannan tarihin ita ce Charlotte Auerbach. Bayahudiya ce 'yar Jamus da ta gudu zuwa Edinburgh ta Birtaniya a 1933 da 'yan Nazi suka hau mulki. Kafin nan a 1927 Hermann Muller ya nuna cewa eksire na canza gadon ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itace, a haska iyaye a ga nakasa a jikoki, kuma an daɗe ana neman sinadarin da zai yi haka ba a samu tabbas ba. Sai wani masanin magunguna a jami'ar Edinburgh, J. M. Robson, ya lura cewa raunin mastad da na eksire sun yi kama sosai, dukkansu ba sa warkewa da wuri kuma dukkansu suna hana sel rabuwa. Shi da Auerbach suka fara gwada mastad a kan ƙudajen a ƙarshen 1940, da kayan aiki marasa kariyar kirki har hannayenta suka ƙone, kuma a 1941 sakamako ya fito ƙarara, mastad na canza gado kamar yadda eksire ke yi. Karon farko kenan da aka tabbatar sinadari zai iya haka. Amma saboda sirrin yaƙi ba a bar su sun buga cikakken bayanin ba sai 1946, shekarar da Muller ya karɓi Nobel. Abin da nake so game da matar nan shine ba ta tsaya a "sun yi kama" ba, ta ci gaba da tono bambancin, ta ga cewa ɓarnar mastad wani lokacin tana kwanciya sai bayan sel ya rabu sau da yawa sannan ta bayyana, abin da ba a cika gani da eksire ba.

A daidai wannan lokacin a jami'ar Yale ta Amurka, Louis Goodman da Alfred Gilman suna nazarin wani ɗan uwan mastad mai naitirojin, su ma a asirce. Suka ga yana cinye ƙwayoyin limfa, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, a jikin zomaye da ɓeraye, sai suka ce to me zai hana ya cinye kansar limfa? A watan Agustan 1942 aka yi wa wani bawan Allah allurarsa, mutumin da kansar ta cika masa wuya da hammata har gasa ƙarin da eksire ya daina yi masa aiki. Kumburin ya narke cikin kwanaki, ya samu ya ci abinci ya juya kansa. Amma fararen ƙwayoyin jininsa suka faɗi warwas, kansar ta dawo, maganin ya daina kama ta, ya rasu a watan Disamba. Kemo da muka sani yau, wato maganin kansa da sinadarai, daga nan ya fara, kuma duk abin da ake fama da shi har gobe, amfanin da illar da yadda ciwon ke koyon kauce wa magani, duk sun bayyana a jikin mutum ɗaya tun ranar farko.

Sau da yawa za ku ji ana cewa harin Bari ne ya haifi kemo. Abin da ya faru shine ranar 2 ga Disamba 1943 jiragen Jamus suka yi ruwan bama-bamai a tashar jiragen ruwa ta Bari a Italiya, cikin jiragen da suka tarwatse akwai na Amurka mai suna John Harvey da ke ɗauke da bama-baman mastad a ɓoye. Gubar ta gauraya da man da ya malale a teku, aka tsamo sojoji aka lulluɓe su da barguna da jiƙaƙƙun kayansu a jiki saboda ba wanda ya gaya wa likitoci me ke cikin ruwan. Sama da 600 suka kamu, sama da 80 suka mutu. Likitan soja Stewart Alexander da aka tura bincike ya gano mastad ce, kuma ya rubuta yadda fararen ƙwayoyin jininsu suka ɓace. Rahotonsa ya ƙara wa binciken ƙarfi, gaskiya ne, amma gwajin Yale ya riga shi da fiye da shekara. Ni abin da ya fi tsaya min a rai a Bari ɓoyewar ce, da an faɗi gaskiya an tuɓe musu kaya an wanke su da wuri da yawansu sun rayu.

Wani abu kuma, mastad ba ta tsinka DNA kai tsaye. Peter Brookes da Philip Lawley a Ingila ne suka nuna a farkon shekarun 1960 cewa tana maƙalewa ne a jikin harafin G, ɗaya daga cikin haruffa huɗu na DNA, kuma da yake hannu biyu gare ta sai ta kama wannan silin da ɗaya ta kama wancan da ɗaya ta ɗaure su tam. Ranar da sel zai rabu dole a warware igiyar a kwafa, to nan ake cin karo da ƙullin, wajen ƙoƙarin yanke shi ne tsinkewar ke faruwa. Hanyar daban amma masaukin ɗaya. Kuma wannan ne dalilin da ya sa mai shan kemo da wanda radiyeshin ya buga suke fama da abu iri ɗaya, don sassan jikin da sel ɗinsu ke rabuwa ba dare ba rana su ke fara faɗuwa, ɓargo, fatar cikin baki da hanji, saiwar gashi, da inda ake yin maniyyi. Magunguna irin su cyclophosphamide da melphalan da chlorambucil duk zuriyar mastad ne, kuma har yanzu ana ba da su kullum a asibitocin duniya.

Wanda ya fi kowa kwaikwayon radiyeshin sak shine bleomycin. Wani masani ɗan Japan, Hamao Umezawa, ya samo shi a shekarun 1960 daga wata bakteriyar ƙasa mai suna Streptomyces verticillus. Yadda yake aiki abin mamaki ne wallahi, gefe ɗaya na jikinsa ya riƙe DNA, ɗaya gefen ya riƙe ƙwayar sinadarin ƙarfe, ƙarfen ya kama oksijin, sai a samu wani abu mai zafin nama irin wanda radiyeshin ke samarwa daga ruwa amma wannan karon a manne da igiyar, ya fizge haidirojin daga sukarin da ke ƙashin bayan DNA, silin ya tsinke. Wani lokacin ba ya sauka, sai ya juya ya yanke ɗaya silin ma. Shi ya sa a ɗakunan bincike in ana son ganin yadda sel ke gyara tsinkewar sili biyu kuma babu injin eksire a kusa, sai a ɗiga bleomycin ko 'yan uwansa irin phleomycin, aiki ya tafi.

Amma ku lura da wani abu. Shi bleomycin bai cika taɓa ɓargo ba, huhu da fata yake ci. Dalili kuwa jiki na da wani enzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, da ke karya shi, yawancin sassa suna da shi da yawa, huhu da fata kuma kaɗan gare su. To sai ka ga kusan mutum 1 cikin 10 da aka ba maganin ya samu matsalar huhu, tari busasshe da haki, wasu huhun ya yi tabo ya ƙandare irin yadda yake yi wa wanda aka gasa wa ƙirji da radiyeshin. Haɗarin na ƙaruwa in jimillar abin da aka ba mutum ya haura yunit 400, ko shekaru sun ja, ko ƙoda ba ta tacewa da kyau. Don Allah duk wanda aka taɓa ba shi bleomycin, ko da an yi shekaru, in za a yi masa tiyata ya gaya wa likitan da zai sa shi barci, saboda oksijin mai yawa na iya tayar da ciwon huhun. Wannan magana ce da ke iya raba mutum da mutuwa kuma ba kowa ake zaunar da shi a yi masa bayaninta ba. Duk da haka ba zan taɓa kiran maganin nan mugu ba. A 1974 Lawrence Einhorn a jami'ar Indiana ya haɗa shi da magungunan kemo cisplatin da vinblastine ya ba samarin da kansar maraina ta bazu a jikinsu, ciwon da a da yawanci ajali ne, suka dinga warkewa. Yau sama da kashi 90 cikin 100 na masu wannan kansar suna rayuwa, kuma bleomycin na cikin haɗin magunguna da ake kira ABVD da ake ba masu kansar limfa ta Hodgkin.

Akwai wani dangin kuma da ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba, irin su neocarzinostatin da calicheamicin. Shi calicheamicin daga wata bakteriya a ƙasar jihar Texas aka samo shi a shekarun 1980, yana kwanciya a cikin kwarin igiyar DNA, sai zoben da ke jikinsa ya naɗe ya zama abu mai baki biyu ya fizgi silin biyu lokaci guda. Dafinsa ya yi yawan da ba a iya ba mutum shi haka nan, sai da aka ɗaura shi a jikin wani furotin na garkuwar jiki da ke neman sel ɗin kansar jini ya kai shi can. Maganin Mylotarg kenan, an amince da shi a Amurka a 2000, aka janye shi a 2010 saboda illa da rashin gamsuwa da amfaninsa, aka dawo da shi a 2017 da ƙaramin awo a rarrabe.

Babbar hujjar da ta gamsar da ni cewa sel bai damu da wa ya yi ɓarnar ba ita ce yaran da aka haifa da cutar ataxia telangiectasia. Furotin ɗin ATM da ke buga ƙararrawa in sili biyu sun tsinke ba ya aiki a jikinsu, don haka awon radiyeshin da wani zai ɗauka lafiya su yana iya yi musu mummunar illa, kuma sel ɗinsu haka suke faɗuwa in an sa musu bleomycin. Masu cutar Fanconi kuma ƙullin nan irin na mastad ne ba sa iya kwancewa, har ma gwajin gano cutar shine a ɗebi jininsu a sa masa sinadari mai ɗaure DNA irin mitomycin C ko diepoxybutane a ga yadda kuromosom ɗinsu ke farfashewa.

Inda suka bambanta da radiyeshin ma yana da muhimmanci. Eksire ratsa jiki yake yi, ana iya saita shi a kan ƙari a auna abin da kowane sashe ya samu, ana kashe injin kuma shikenan. Sinadari sai ya bi jini, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar, wani wurin ya taru wani wurin bai kai ba. Kuma mai shan kemo ba ya fitar da wani radiyeshin, wannan ina so a ji shi da kyau don ina jin zafin yadda ake gudun marasa lafiya ana hana yara zuwa kusa da su. Ku zauna da su ku riƙe hannunsu ku ci abinci tare. Abin kiyayewa kawai fitsari da amai da bayan gida a kwana biyun farko bayan allura, saboda ragowar maganin ta nan yake fita, mai jinya ya sa safar hannu ya wanke wurin da kyau. Waɗanda suka fi shiga haɗari ma'aikatan jinya ne da masu haɗa maganin, a 1979 wani bincike a Finland ya gano alamun abubuwan da ke canza gado a fitsarin nas-nas da ke haɗa kemo, daga nan aka fara matsa wa asibitoci su samar da akwatin haɗa magani mai zuƙe iska da riguna da safar hannu na musamman. Asibitin da ke sa ma'aikaciya ta fasa kwalbar cyclophosphamide a kan tebur da hannu tsirara yana zaluntarta ne, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Sai maganar abin da ke zuwa daga baya. A Hiroshima da Nagasaki kansar jini ta fara yawaita kamar shekara 2 bayan bam ɗin, ta kai ƙololuwa wajen shekara 6 zuwa 8. Waɗanda aka yi wa magani da dangin mastad, kaɗan daga cikinsu su ma kansar jini kan same su bayan shekara 5 zuwa 7, sau da yawa da ɓacewar wani ɓangare na kuromosom na 5 ko na 7. Masu shan wani maganin kemo mai suna etoposide nasu kan zo da wuri, shekara 1 zuwa 3. Ma'aikatan masana'antar mastad ta tsibirin Okunoshima a Japan sun yi fama da kansar hanyoyin numfashi shekaru bayan an rufe wurin, kuma mutanen Sardasht a Iran da aka jefa wa mastad a 1987 da na Halabja a Iraƙi a 1988 har yau akwai masu fama da huhu da idanu. Wannan ba dalilin ƙin kemo ba ne ko kaɗan, kansar da ke jikin mutum yau ta fi wadda wataƙila za ta zo wa 'yan kaɗan bayan shekaru haɗari, dalili ne dai na ci gaba da zuwa asibiti a duba jini ko bayan an ce ka warke.

Abin da ke ɓata min rai shine inda muke kai tsoronmu. Mutum zai ƙi kwana kusa da waya ko ya tayar da hankali kan eriyar sadarwa, alhali igiyar rediyo ba ta da ƙarfin fizge elektiron balle ta tsinka DNA yadda eksire ke yi, amma shi ɗin ne zai wanke hannu da fetur ko ya zuƙo shi da baki ta tiyo, ko ya zauna cikin hayaƙin taba. Fetur da hayaƙin taba duk suna da wani sinadari mai suna benzin, kuma benzin na cikin rukunin farko na abubuwan da hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon ta tabbatar suna jawo kansa. Hanta ce ke juya shi zuwa wasu sinadarai da ke tafiya ɓargo su farfasa kuromosom, jini ya ƙare ko kansar jini ta biyo, hoton da ya yi kama da na radiyeshin sosai. Likita Muzaffer Aksoy a Istanbul ya nuna haka a shekarun 1970 a jikin masu ɗinkin takalma da ke aiki da gam mai benzin a ƙananan ɗakuna marasa iska, kuma irin wannan shaidar ce ta sa ƙasashe suka rage shi, Tarayyar Turai ta kayyade benzin a fetur kada ya wuce kashi 1 cikin 100. Yana shiga ta numfashi yana kuma ratsa fata, don haka makanike da mai fenti da mai aikin gam da mai zuba mai su nemi safar hannu ta roba mai kauri, a yi aikin inda iska ke kaɗawa, a wanke maiƙo da sabulu, kuma wanda ya daɗe a irin wannan sana'ar in ya fara ganin yawan kasala ko dasashi na zubar jini ko tabo na fitowa a fata ba tare da ya bugu ba, ya je a yi masa gwajin ƙidayar jini kada ya tsaya jira.